Fentin Da Ke Bin Riga

Ku yaran zamani, kunnuwanku ado ne kawai. A faɗa muku magana sau goma, ku ce tsufa ke damun mai faɗa. Abu in bai yi ƙyalli ba, ba shi da daraja a idonku. In aikinsa ya wuce yini guda, kun gaji.

Jiya na sa hoton wani tsohon rumbu a wannan shafi, wata yarinya ta rubuto wai me ya sa ba a shafa masa fenti mai kyau ba. To ki zauna, ke da ire-irenki. Ni Gunborg a aji shida na bar makaranta, amma shekara tamanin da shida ina kallon yadda itace ke tsufa a ƙauyenmu Tallmyra. Abin da zan faɗa, a gaban idona aka yi shi.

Akwai wani dattijo maƙwabcina, sunansa Sixten. Shinge ɗaya ya raba gidana da nasa. Matarsa ta daɗe da rasuwa. Ɗansu guda ne, Joakim, shi kuma ya tafi babban birni Stockholm tun yana ɗan shekara sha tara, sai bikin Kirsimeti ake ganinsa, shi ma ba kowace shekara ba.

Sixten ba shi da shanu kuma, ba shi da doki. Abin da ya rage masa shi ne rumbun ciyawar da ke bayan gidan. Gungume ne a kan gungume, an sare su da gatari, an kuma haɗa kusurwoyin ba tare da ƙusa ko ɗaya ba. Ya haura shekara ɗari biyu da hamsin a tsaye.

A jikin gungumen da ke saman ƙofar akwai alamomi bakwai da aka sassaƙa da wuƙa. Kowace alama ta maigida ɗaya ce. Ta bakwai ita ce ta Sixten: ƙafar tsuntsu da ɗan layi a ƙasa. Bayanta akwai fili kamar tafin hannu, ba komai a wurin.

Al'adar gidansu ce, ɗa ba ya sa alamarsa sai ya dafa fenti da hannunsa, ya shafe rumbun daga tushe har sama. Ranar da ya gama, uban zai miƙa masa wuƙa.

Na ce dafawa, don fentinmu dafa shi ake yi. A ɗora duro a kan wuta, a zuba ruwa, a narka gishirin ƙarfe, wani koren gari mai hana itace ruɓa. A dama garin hatsin da muke burodi da shi, a yi talge, a zuba. Sannan a kawo jar ƙasar nan da ake tonowa daga ramin tagulla. Daga nan sai juyi da muciya, awa huɗu, ba tsayawa. Ka tsaya, ya kama a gindi. Ka yi gaggawa, ya yi gudaji. Sixten har ruwan gishirin kifi yakan ɗiga a ciki, yadda kakansa ke yi.

Duk ranar da yake dafawa, nakan kai masa kofi bakin shinge.

"Tsoho, kununka ya yi ruwa," in ce masa.

"Uwar faɗa, wa ya tambaye ki? Ke da miyarki ta Alhamis ko kare ba ya ci."

"Amma kai kana cinye kwano biyu."

"Tausayinki nake ji."

Sai ya sha kofinsa, ya ɗaga kai ya dubi filin nan na saman ƙofa.

Wata bazara sai ga Joakim ya dawo, da mota da akwatuna. Shekararsa talatin da huɗu a lokacin. Aurensa ya mutu a birni, aikin ma ya gundure shi. Ya ce ya dawo gida ke nan.

Ban taɓa ganin Sixten ya aske gemu ranar Laraba ba sai wannan makon.

Joakim ya zo da dabara. Mutanen birni, in ji shi, suna son ɗaura aure a tsohon rumbu. Ya share ciki, ya jera tebura, ya rataya fitilu. Sixten bai hana ba. Har benci ya sassaƙa masa guda shida.

"Bana ma lokacin shafa ya yi," ya ce wa ɗan. "Shekara goma sha biyu rabon da in taɓa shi. In an gama bukukuwan wannan watan, mu ɗora duro, ni da kai."

"To, Baba, za mu gani," in ji Joakim, idonsa a kan waya.

Biki na huɗu ne ya kawo matsalar. Mai ɗaukar hoto ya ce wa amarya ta jingina da bangon rumbu. Duk ɗan ƙauyen nan ya san ba a jingina da jan bango da farin kaya, ko jaririnmu ya sani. Fentinmu yana bin riga. Da amarya ta matsa, bayanta tun daga kafaɗa har ƙugu ya zama ja kamar an yanka kaza a kai.

Ihunta har kicin ɗina. Uwarta ta zagi Joakim a gaban mutane, ta ce za ta sa duniya ta sani. Kuma ta rubuta, a inda suke rubuta irin waɗannan abubuwa.

Kwana uku bayan haka Sixten ya ɗora duronsa. Ya tashi da sassafe, ya hura wuta, ya jera burushi biyu a kan benci, da tsani biyu a jikin bango. Wuƙar ma na gan ta, ya wasa ta, ya ajiye a aljihun gaba. Ya juya awa huɗu shi kaɗai, don Joakim ya fita da mota tun safe.

Da rana ta take sai ga motar ta dawo, bayanta cike da manyan bokitai farare da injin feshi.

"Mene ne wannan?" in ji Sixten.

"Fenti, Baba. Na gaske. Ja ne kamar namu, amma ba ya bin riga, ba ya koɗewa. Ko ruwa ba ya shiga."

Sixten ya buɗe bokiti ɗaya, ya tsoma yatsa, ya murza, ya shinshina.

"Roba ce."

"To, sai me?"

"Yaro, ruwa ba ya rasa hanyar shiga itace. Gungume yana tsagewa, yana motsi, rani ya buɗe, sanyi ya rufe. Ruwa zai shiga. Tambayar ita ce ta ina zai fita. Namu yana bin riga ne don bai toshe itacen ba. Gungume numfashi yake yi."

Joakim ya yi dariya. Ina tsaye a bakin shinge da kofi a hannu, ya juyo gare ni.

"Inna Gunborg, kin ji? Wai gungume numfashi yake yi. Sai mu kai shi asibiti a auna masa hawan jini."

"Kai ne za a auna wa kai," na ce masa. "Ubanka yana magana kana washe baki."

"Baba, ka dube ni. Mutane biyu sun fasa biki tun shekaranjiya. Ba zan zauna kunun hatsi ya kashe mini sana'a ba. Kai ka sa hannu a takarda, ka ce gidan nawa ne. Ko ba ka ce ba?"

"Na ce."

"To ka bar ni in yi abin da na sani."

Sixten ya nuna duron da ke tururi. "Na riga na dafa. Ka shafa wannan karon kawai. Sau ɗaya. Sai mu kafa igiya kewaye da bangon, kada kowa ya jingina."

"Igiya! A wurin ɗaurin aure?"

Ban sani ba ko haushin zagin matar nan ne bai sake shi ba. Joakim ya ce duron ya tare masa hanyar injin. Ya ɗauko sandar ƙarfe, ya sa a gindin duron, ya tuntsurar da shi cikin lambatu. Fenti mai zafi ya bi gangare, ya bi gefen hanya, har ƙofar gidana. Sati biyu lambatun nan yana ja.

Sixten bai ɗaga murya ba. Ya tsaya da muciya a hannu yana kallon abin yana malala. Can ya sunkuya ya ɗauki burushi ɗaya, ya bar ɗayan a kan benci, ya shige gida.

Yini biyu Joakim ya yi ya gama feshe rumbun, shafi uku. Gaskiya ɗaya ce, ya yi kyau. Yana sheƙi kamar sabuwar mota. Alamomin saman ƙofa ma fentin ya cike su, sai ka matsa kusa ka ga shatinsu.

"Ga shi, Baba," in ji shi. "Kwana biyu. Kai da sai ka yi wata guda kana lilo a tsani."

Sixten ya ce, "Allah ya sa ni ne ban sani ba."

Wuƙar ba ta fito daga aljihu ba. Joakim bai ma tuna da ita ba.

Bukukuwa suka dawo, har suka fi na da. Kowace Asabar motoci cike da hanya, kiɗa, dariya, amare suna jingina da bango yadda suka ga dama. Sixten yana zaune a bayan tagar kicin, labule a sake. Gida ɗaya suke da ɗansa, amma sai su yi kwana uku maganar ba ta wuce "akwai madara?" ba.

Mutanen ƙauye ma, Allah ya shirye su, suka fara cewa yaron ya fi uban basira. Wasu biyu suka je suka tambaye shi sunan fentin.

Bazarar da ta biyo, na ga hayaƙi a bayan gidan Sixten. Na leƙa, ya ɗora ƙaramar tukunya.

"Tsoho, me za ka shafa? An ƙwace maka bangon."

"Akwai na fadama."

A fadamar da ke ƙasan ƙauyenmu akwai ƙananan rumbunan ciyawa goma sha ɗaya. Masu su sun mutu, 'ya'yansu sun watse birane, ba mai waiwayarsu. Sun yi fari fat, kamar ƙashi a rana.

"Wa zai biya ka?"

"Ba kowa."

"To don me?"

"Su ma ba su da kowa," in ji shi.

Haka ya riƙa yi. Ya rataya bokiti biyu a hannun keke, ya ɗaura tsani a gefe, ya tura har fadama. Ya fara da tsintsiya mai ƙarfi ya share tsohon fenti, sannan ya shafa siriri, yana bin jijiyar itacen, yana cusa burushi cikin kowace tsaga. Daga tagata nakan hango shi, ɗan ɗigo baƙi a jikin bango, fadama shimfiɗe ba kowa sai shi da zalɓe. Da rana ya zauna a inuwa ya ci busasshen burodi da dafaffen dankali. Rumbu biyu a shekara, wata shekarar uku.

Amma kowace safiya kafin ya tafi, sai ya zagaya nasa rumbun. Ba ya taɓa shi da burushi. Sai dai ya dunƙule hannu ya ƙwanƙwasa gungumen, ya kara kunne. Lafiyayyen gungume yana amsawa da ƙarfi, ƙwal. A shekara ta uku ya zo bakin shinge, bai ko tsokane ni ba.

"Gunborg, ya fara yin ƙasa da murya. Ta gefen yamma."

"Ka faɗa wa yaron?"

"Na faɗa. Na ce tun yanzu in an kankare robar nan, za a cece shi."

"Me ya ce?"

"Ya ce in dubi bangon, ko tsaga babu. Ya ce kunnena ne ya yi ƙasa."

Ni da kaina na tare Joakim a hanya. Na ce masa, "Kai, ka saurari ubanka."

Ya ce, "Inna, ku tsofaffi in ba ku sami abin kuka ba, sai ku yi wa itace makoki."

A shekara ta biyar Sixten ya gama rumbu na goma sha ɗaya. Da kaka ya kwanta. Na je duba shi a asibitin gari, ya rame, amma har lokacin akwai ja a ƙarƙashin farcensa. Ya sa aka buɗe masa durowa, ya ba ni wuƙar nan.

"Ki riƙe. Ranar da ya tambaya, ki ba shi."

"Bai dafa ba, bai shafa ba. A kan me zan ba shi?"

"Uwar faɗa, ko yau ba za ki bar ni in yi magana ba? Ɗana ne. Filin nan nasa ne. Ni dai kada a bar shi ba komai."

Kwana tara bayan haka ya rasu. Mu goma sha huɗu ne a coci. Asabar ɗin da ta biyo aka ɗaura wani aure a rumbun, don wai an riga an tsayar da rana.

Muciyar na tsince ta a bayan gidansu cikin ciyawa. Na ɗauko na jingine a rumfata.

Shekara biyu wuƙar tana cikin durowata. Sai wata ranar Lahadi da hantsi, ga Joakim a ƙofata, hula a hannu.

"Inna Gunborg, ina kwana. Wuƙar Baba nake nema. Na birkice gidan ban gan ta ba."

"Yau ka tuna da ita?"

"Jiya wani baƙo ya ga alamomin saman ƙofa. Na ba shi labarinsu duka. Sai ya ce, to wacce ce taka?" Ya murza hularsa. "Ban sami abin ce masa ba."

"Ba ka dafa ba."

"Amma na shafa. Shekara bakwai ke nan, ko taɓawa ba a sake yi ba."

Alkawari kaya ne. Na ɗauko na ba shi, na sa takalmina na bi shi.

Ya kafa tsani a bakin ƙofar, ya hau. Ya shafa filin nan da tafin hannu, ya saita bakin wuƙar kusa da ƙafar tsuntsun ubansa, ya danna.

Wuƙar ta shige har ƙota, kamar an soka ta a jiƙaƙƙen burodi.

Ya zare ta. Baƙin ruwa ya biyo, ya gangaro a kan jan fentin. Wani wari ya fito, irin na ramin dankali da ya ruɓe.

"Mene ne wannan?" in ji shi.

"Ka ja ka gani."

Ya kama bakin wurin da yatsu ya ja. Fentin ya taso gaba ɗaya kamar fatar akuya, faffaɗa, tun daga wannan kusurwar ƙofa har waccan. A ƙarƙashi ba itace ba ne kuma. Baƙin abu ne mai laushi, da farar fumfuna kamar yanar gizo. Yana kallo, fuskar gungumen ta zube a kan takalminsa. Alamomi bakwai, ba wadda ta rage. Mutum bakwai suka zube ƙasa kamar dussa.

Ya sauko, ya bi bangon da gudu yana ƙwanƙwasawa, irin yadda ya sha ganin ubansa yana yi yana dariya. Ko'ina amsa ɗaya ce: dum, dum, dum.

Ya dawo ya tsaya a gabana, fatar fentin a hannunsa.

"Amma daga waje lafiyarsa ƙalau, Inna."

"Gawa ma in an yi mata kwalliya lafiyarta ƙalau."

Ya kira Helge, kafintan da ya fi kowa sanin tsohon gini a yankinmu. Helge ya zagaya da tsinken ƙarfe yana sokawa, da ya gama ya juyo gare shi.

"Wa ya sa masa rigar ruwa?"

"Ni ne."

"Sixten yana raye a lokacin?"

"Yana raye."

Helge ya dube shi, ya tofar da yawu gefe. "Da shekara huɗu baya ka kira ni, da na canja maka gungume biyar an wuce wurin. Yanzu layi uku na sama ta arewa ne kawai masu rai. Kada ka bar kowa ya shiga ciki. Ko kyanwa."

Aka fasa duk bukukuwan. Joakim ya tokare bangon da sanduna ta ko'ina, yana cewa in bazara ta yi zai san dabara. Rumbun bai jira bazara ba. A watan Fabrairu aka yi dusar ƙanƙara kwana huɗu a jere. Ranar ta biyar da azahar ina shan kofi, na ji wani nishi mai tsawo, sannan rugum. Na leƙa taga. Inda na saba ganin jan bango tun ina yarinya, sai sararin sama.

Ya durƙusa ne kawai, kamar tsohuwar saniya. Shekara ɗari biyu da hamsin ya yi yana ɗaukar ƙanƙarar da ta fi wannan.

Da ƙanƙara ta narke aka kwashe tarkacen. Ko wuta ba a iya hurawa da shi ba, saboda robar. Mota ce ta zo ta kai juji.

Na ɗauka Joakim zai koma birni. Bai koma ba. Motoci suka daina zuwa, hanya ta yi shiru. Nakan hango shi a bayan tagar kicin, a kujerar da ubansa ke zama, labule a sake.

Da ciyawa ta fara tsiro, ya zo ƙofata.

"Inna, kin san yadda ake dafawa?"

"Wane abu? Kunun hatsi?"

Ya sunkuyar da kai. "Na ci wannan. Ki faɗi duk abin da za ki faɗa. Amma ki koya mini."

"Ubanka ya jera maka burushi a kan benci. Ya wasa wuƙa. Shi ya fi ni iyawa sau goma."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Yanzu ne za ka fara sani."

Na ɗauko muciyar daga rumfa na miƙa masa. Ya gane ta. Ya riƙe wurin da hannun ubansa ya sa ta yi santsi.

A duro na farko ya zuba garin cikin ruwan zafi ba tare da ya dama ba, ya yi gudaji. Na ce zubar. Na biyu wayarsa ta yi ƙara, ya saki muciya ya duba, ya kama a gindi. Na ce zubar, kuma ka kankare duron. A na uku ya bar wayar a gida. Ya juya awa huɗu cur, hayaƙi yana shigar masa ido, tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe. Na tsoma tsinke na ɗaga. Fentin ya zubo siriri, ba yankewa.

"Ya yi," na ce.

Ya yi murmushi, karo na farko tun faɗuwar rumbun. Ya cika bokiti, ya ɗauki burushi, ya juya zai nufi bayan gidansu. Ya yi taku uku ya tsaya.

Ba komai a wurin sai duwatsun kusurwa guda huɗu.

Ya daɗe a tsaye da bokiti a hannu. Sannan ya juyo, muryarsa kamar ta ƙaramin yaro.

"Inna, to ina zan shafa?"

Na nuna masa fadama. "Na farkon da ubanka ya yi ya fara koɗewa. Kekensa yana nan a rumfa. Ka sa iska a taya."

Yau shekara biyar ke nan. Duk bazara za ka gan shi yana tura keke, bokiti biyu a hannu, tsani a gefe. Furfura ta fara fito masa. Bai sake aure ba, ba mai zuwa gidan. Duk rigunansa sun yi ja a kafaɗa da gwiwar hannu, ya daina wankewa don ya fita. Daga tagata nakan hango ɗigon nan baƙi a jikin bango, wani lokaci sai na goge ido kafin in tuna ba Sixten ba ne.

Ya iya aikin yanzu, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya dafa, ya shafa, ya cika sharaɗin gidansu. Wuƙar tana aljihunsa na gaba kullum.

Bara Helge ya same shi a fadama, ya ce masa, "Ka shafe rumbu goma sha ɗaya. Ka zaɓi ɗaya mana ka sa alamarka, wa zai hana ka?"

Ya ce, "Waɗannan na mutane ne. Nawa ni na kashe shi."

Fatar fentin nan da ya yage daga saman ƙofa, bai yar da ita ba. Tana rataye a bangon kicin ɗinsa. In ka juya bayanta za ka ga shatin alamomin nan bakwai sun fito a jikin robar, a juye, har da ƙafar tsuntsun Sixten. Bayan ta bakwai akwai fili kamar tafin hannu, da ramin wuƙa a tsakiya.

Abin da ya gada ke nan. A gabansa yake cin abincinsa kullum, shi kaɗai.

Darasi: Ba duk abin da ke ɓata maka riga ne maƙiyinka ba, kuma ba duk mai sheƙi ne lafiyayye ba. Maganar tsoho tana bin riga, tana barin tabo, amma ita ke barin gida ya sha iska. In uba ya jera maka burushi, ka ɗauka tun yana raye. Ranar da ka shirya koyo, watakila ba malamin, ba bangon. Duk wanda ya karanta, ya tura wa ɗansa ko ƙanensa. Wanda kuma tsohonsa ke zaune a bayan taga yanzu haka, ya ajiye wayar nan ya je ya tambaye shi yadda ake dafawa.